Amosanin Jini: Laifin Wane Ne?

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Sabon Garin Kano ya san kukan yaro da dare ba ya ɓuya. Ɗaki na jingine da ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Idan hunturu ya kama, akwai gidan da za a kwana ana jin yaro yana kuka, yana cewa ƙafarsa, hannunsa, bayansa. Gari na wayewa sai a ga uwar ta goya shi ta nufi asibiti, idonta ya yi ja don rashin barci.

Idan aka yi ta haihuwa a ɗaki ɗaya 'ya'yan suna komawa, kowace maƙwabciya tana da sunan da za ta ba abin. Bayarabiya ta ce abiku ne. 'Yar ƙabilar Ibo ta ce ogbanje. Da Hausa kuwa akan ce wabi. Amma maganar da ta fi zafi ita ce wadda takan fito daga bakin uwar miji: "Mu dai a danginmu ba mu san wannan ciwo ba. Ita ta kawo mana shi."

Wannan magana ta kashe aure da dama, ta kuma sa mata da yawa kuka a ɓoye. To, ba gaskiya ba ce. Ciwon da muke kira amosanin jini, ko sikila, ba ya kama yaro sai uwa da uba duka biyu sun ba da nasu rabo. Bari mu ga yadda abin yake.

Darasi daga lambu

A shekarar 1865 wani limami mai zaman zuhudu, sunansa Gregor Mendel, ya bayyana abin da ya gani a lambunsa a garin Brno, cikin ƙasar da yau ake kira Cek. Ya ɗauki wani irin wake mai ƙwaya rawaya ya yi masa barbara da mai ƙwaya kore. Da aka girbe, duka 'ya'yan rawaya ne, sai ka ce koren ya ɓace. Ya shuka waɗannan, suka yi barbara a tsakaninsu. Sai ga kore ya sake fitowa, kimanin ɗaya cikin kowane huɗu. Ashe bai ɓace ba, ɓuya ya yi.

Haka yake ga ɗan adam. Ƙwayoyin gado da ke jikinmu bibbiyu suke, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Waɗansu masu rinjaye ne, ko ɗaya ce takan nuna kanta. Waɗansu kuwa masu ɓuya ne. Muddin suna tare da mai rinjaye ba a ganin aikinsu, sai ran da biyu irinsu suka haɗu a jikin yaro ɗaya.

Mun saba ganin misalin wannan. Miji baƙi, mata baƙa, su haifi zabiya. Ba maita ba ce, ba kuwa cin amana ba ne. Kowannensu yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, daga kakannin da watakila bai ma san su ba.

Abin da ke faruwa cikin jini

Cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari da ake kira himoglobin. Shi ne mai ɗaukar iska daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Likitoci suna kiran irin da aka saba da shi A, wanda ya sauya kuwa S. Wanda ya gaji A daga iyaye biyu shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, yakan yi zamansa lafiya lau, yana noma, yana dako a kasuwa, bai san yana ɗauke da kome ba. Wanda ya gaji S daga nan, S daga can, shi ne SS, mai amosanin jini.

Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba wuya, tana kuma yin kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai SS kuwa, idan iska ta ragu mata, sai ta tanƙware kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe hanya. Inda jini bai kai ba nan ciwo yake tashi. Ga shi kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa yaron kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa yana yin rawaya, yana saurin gajiya.

Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin waɗannan ƙwayoyi masu kama da lauje a shekarar 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa daga himoglobin ɗin matsalar take.

Ƙwarya biyu da wake

Ga wani gwaji da iyali za su iya yi a tsakar gida. A samo ƙwarya biyu, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Mama. A zuba farin wake 10 da jan wake 10 cikin kowace. Fari shi ne A, ja shi ne S, watau Baba da Mama duka AS ne. Sai yaro ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can. A rubuta abin da ya fito, a mayar da waken, a girgiza, a sake.

Idan aka yi haka sau da yawa za a ga fari biyu suna fitowa kimanin sau ɗaya cikin huɗu, fari da ja sau biyu, ja biyu sau ɗaya. Amma a lura da wannan da kyau: ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito a baya. Ja biyu suna iya fitowa sau uku a jere, suna kuma iya ƙin fitowa sau shida. Saboda haka kuskure ne a ce, "Mun riga mun haifi mai ciwon, uku na gaba lafiyayyu ne." Kowane ciki sabon ɗauka ne.

Yanzu a kwashe jan wake daga ƙwaryar Baba, a bar fari zalla. Ko an kwana ana ɗauka, ja biyu ba za su fito ba. Ma'anarsa, AA da AS ba sa haifar SS. Idan kuwa yaro ya fito SS, lalle akwai ja cikin ƙwarya biyun. Ina laifin uwa ita kaɗai a nan?

Akwai kuma wani iri da ake kira C, wanda ya fi yawa wajen Gana da Burkina Faso da ƙasar Yarabawa. Idan AS ya auri AC suna iya haifar SC, shi ma ciwo ne, ko da yake sau da yawa bai kai SS tsanani ba. A unguwa kamar Sabon Gari, inda kabilu suke auren juna, ya kamata a san da wannan.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasarmu?

Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu wannan ciwo a ƙasar nan kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai mu.

Dalilin yana wurin sauro. A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Tun zamanin kakanni, inda zazzaɓi yake kashe yara, masu AS sun fi tsira, suka girma, suka haihu, ƙwayar ta yaɗu. Watau abin da ya ceci kakanni shi ne yake wahalar da jikoki idan ya zo biyu.

An ga wannan a nan kusa da mu. Tsakanin 1969 da 1976 an yi babban binciken zazzaɓi a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Da aka auna jinin mutane, sai aka tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma cikin manya da ƙyar a sami ko ɗaya. Yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana, ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su. Ba kowane wabi ne amosanin jini ba, amma babu shakka yana cikin abin da ya cika waɗansu ɗakuna da makoki.

Gwaji kafin a kai kaya

Gwajin da ke nuna AA ko AS ko SS shi ne ake kira jinotayif. Dabam yake da gwajin rukunin jini na A da B da O, wanda ake yi domin ƙarin jini. Mutane da yawa suna rikita su.

A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da jinotayif. Ikilisiyoyi da dama ma sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin a sa rana. Wannan ya yi kyau, amma sau da yawa yakan zo a makare. An kai kaya, an ɗinka anko, an buga kati, sa'an nan takarda ta fito. A irin wannan lokaci ne ake jarabtar mutum ya ɓoye gaskiya, ko ya nemi takardar ƙarya. Wanda ya yi haka, yaron da ba a haifa ba tukuna shi zai biya bashin.

Shawararmu ita ce iyaye su kai 'ya'yansu gwaji tun suna makaranta. Saurayi da budurwa su tambayi juna tun zance bai yi nisa ba. A yi gwajin a asibitin da aka amince da shi, in da shakka a maimaita a wani wuri. Masu auren zumunci kuwa su ƙara kula, gama 'yan'uwa na jini sun fi yiwuwar ɗaukar ɓoyayyar ƙwaya iri ɗaya daga kaka ɗaya. Kada kuma a mai da mai AS ko SS abin gudu. Idan ya auri AA, ba za su haifi SS ba.

Idan yaron ya riga ya zo

Zamanin Garki ya wuce. Yau masu amosanin jini suna girma, suna karatu, suna aure. Alamar farko takan bayyana bayan wata shida, hannu da ƙafa su kumbura, jariri ya yi ta kuka. A kai shi gwaji. A Kano ana duba irin waɗannan yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Yara na Hasiya Bayero.

A gida, a ba shi ruwa da yawa, musamman da bazara. A rufe masa jiki da hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Ya kwana cikin gidan sauro, gama zazzaɓi babban abokin gabarsa ne. A cika masa allurar rigakafi duka, a kuma riƙa ba shi folik asid da sauran magungunan da likita ya rubuta. Kada a saya masa maganin ƙarin jini a kanti ba da izinin likita ba.

A garzaya asibiti ko da tsakar dare ne idan jikinsa ya yi zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu wajen saifa, ko ɓarin jikinsa ya saki.

Shanyewar ɓarin jiki tana kama waɗannan yara, amma ana iya ganin haɗarin tun bai zo ba, da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai, daga shekara 2. Likitocin Kano da Kaduna, tare da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike da aka buga a 2022, wanda ya nuna cewa maganin haidroksiyuriya, ko da ƙaramin awo ne, yana taimakawa wajen kare yaran da ke cikin haɗarin. Uwa ta tambayi likita game da awon da maganin.

Sauran aikin namu ne, maƙwabta da dangi. Uwar da ta kwana uku a asibiti tana bukatar wadda za ta dafa wa sauran yaran tuwo. Zumuntar mata za ta iya shirya wannan. Samari masu lafiya su ba da jini. Malamin makaranta ya bar yaron ya sha ruwa a aji, kada ya kira shi rago. Uwar miji kuma, in ta sake jin bakinta zai ce, "Ita ta kawo mana," sai ta tuna da ƙwarya biyu, ta karɓi jikan ta goya, ta ce wa surukarta, "'Yata, je ki ɗan kwanta, ni zan riƙe shi."