Makaho da Shafin Intanet: Ina Gizo ke Saƙar?

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana yadda makaho ke amfani da intanet, da abubuwan da kan tare masa hanya, da kuma gyaran da ya kamata hukumomi su yi wa shafukansu. Zan ɗauki misalaina daga Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe, inda ake da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Nguru. A yau neman gurbin karatu da biyan kuɗin makaranta da neman aikin gwamnati galibi sun koma ta intanet. Ke nan shafin hukuma shi ne ƙofarta, kuma duk wanda ƙofar ta ƙi buɗe masa ya tashi a tutar babu.

Girman Matsalar

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya. Shiyyar Arewa maso Gabas, wadda Yobe ke cikinta, ita ce kan gaba da kashi 6.1. Yanar ido ce babbar mai jawo makantar, sai hawan jinin ido ya bi mata. Bayan waɗannan akwai masu ganin dishi-dishi, waɗanda suka fi makafin yawa nesa ba kusa ba.

Yadda Makaho ke Karanta Shafi

Makaho na amfani da wata manhaja mai karanta abin da ke kan allo ta faɗa masa da murya. Daga cikinsu akwai JAWS, wadda saye ake yi, da NVDA da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka samar. An fara ta a 2006, kuma kyauta ce. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone kuwa akwai VoiceOver, kuma ba sai an saye su daban ba.

Abin lura shi ne manhajar ba kallon allo take yi kamar mutum ba, tana bin abin da maginin shafi ya rubuta a cikin ginin ne. Makahon kuma ba ya riƙe linzamin kwamfuta, da madannai yake tafiya daga kanu zuwa kanu, daga gurbi zuwa gurbi. Idan an tsara shafi da kyau, zai cike fom shi kaɗai. Idan kuwa ba haka ba, komai ƙwarewarsa ba inda za shi.

Inda Ake Yin Tuntuɓe

Na farko, hoto marar bayani. Mu ɗauka wata makaranta ta ɗauki hoton jerin sunayen waɗanda ta bai wa gurbi ta ɗora a shafinta. Mai ido zai duba ya ga sunansa, makaho kuwa abin da zai ji kawai shi ne "hoto". Maganin wannan shi ne a buga sunayen a matsayin rubutu, kowane hoto kuma a maƙala masa gajeren bayani.

Na biyu, guraben fom marasa suna. Idan magini bai haɗa kowane gurbi da sunansa ba, makaho ba zai san ina zai sa sunan mahaifi ba, ina zai sa lambar waya.

Na uku, murɗaɗɗun haruffan nan da ake cewa mutum ya kwafa don ya tabbatar shi ba na'ura ba ne. Sau da yawa a nan tafiya ke ƙarewa, matuƙar ba a tanadi na saurare ko wata hanya ba.

Na huɗu, rubutu mai dusasshen launi. Ƙa'ida ita ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma a iya ninka girman rubutun ba tare da shafin ya hargitse ba.

Na biyar ya shafe mu ɗaliban Hausa kai tsaye. Wajibi ne magini ya nuna wa manhaja harshen da aka rubuta shafi da shi, ya kuma yi amfani da ƙ da ɗ da ɓ na ainihi. In ba haka ba, za ta karanta Hausa da furucin Ingilishi, ma'ana ta ɓace. Samar da ingantattun muryoyin Hausa kuwa aiki ne da ke jiran masana harshe.

Sakamakon duk wannan shi ne makahon da ya yi karatu ya koma hannun ɗan jagora. Sai ya je shagon intanet ya biya kuɗi, ya miƙa wa wani kalmar sirrinsa da lambar asusunsa na banki, wani lokaci har da takardar asibiti. A ganina wannan tonon asiri ya fi ɓata lokacin ciwo.

Me Doka ta Ce?

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu a 2010, kuma sashe na 9 ya ambaci intanet ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da jagoran da ake kira WCAG tun 1999, ta kuma sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023. A Ostareliya wani makaho, Bruce Maguire, ya yi ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na Sidni na 2000 saboda shafinsu, ya kuma yi nasara. A nan gida, hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 domin shirya wa makafi jarrabawa.

Kammalawa

Shawarata ga duk shugaban wata hukuma a Nguru ko Gashuwa ita ce ya yi gwaji mai sauƙi: ya ajiye linzami, ya kashe allo, ya kunna NVDA, ya gwada cike fom ɗin shafinsa. Duk inda ya maƙale, nan ne wurin gyara. Idan za a ba da kwangilar sabon shafi, a rubuta bin WCAG cikin sharuɗɗa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a biya magini kuma, a gayyato makafi masu amfani da waɗannan manhajoji su gwada aikin, a biya su ladansu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran zai amfani kowa: shafi marar nauyi ya fi saurin buɗewa inda sabis ke da rauni, rubutu mai fitowa sarai kuma ya fi karantuwa a tsakar rana. Mai karatu ya tuna, idon da yake karanta wannan da shi ma yana iya raunana idan shekaru suka ja.