Ramin da Ka Faɗa Jiya Shi Ke Cin Tayarka Yau

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Bagudo, ta tsallake Kogin Neja a gadar Tuga, ta ratsa Ka'oje ta nufi Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ya san ƙarar nan. Mota ta faɗa rami, gwaf! Fasinjoji su ɗauki salati, direba ya kasa kunne, ya ji taya ba ta fashe ba, ya yi hamdala ya ƙara wuta. Shi a ganinsa an wuce wurin ke nan.

Bayan 'yan makonni sai ya ga tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya, ta yi sulɓi kamar tafin hannu, ɗaya gefen kuwa zanensa na nan daram. Sai ya ɗora wa mai sayar da taya laifi, ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓiya. Ya sake sayen wata, ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Na sha jin wannan ƙorafi a tasha, kuma mafi yawan lokuta tayar ba ta da laifi. Ƙafar motar ce ta goce tun ranar da aka faɗa ramin.

Ƙafar mota ba a manne take da gangar jiki ba. A rataye take da ƙarafa da gaɓoɓi: tayarod da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya, boljoyin da ƙafar ke juyawa a kansa, bushin na roba, sifirin, da shokazoba mai shanye girgiza. Masu ƙera mota sun saita waɗannan da awo na milimita domin tayoyin su fuskanci gaba sak. Idan taya ta daki leɓen rami, ƙarfin dukan yakan bi ta cikin gaɓoɓin nan, ya lanƙwasa tayarod kaɗan, ko ya yage bushin, ko ya sassauta boljoyin. Ido ba ya ganin gocewar, amma kwalta tana jin ta. Mayar da tayoyin kan saitinsu na asali shi ne abin da makanikai ke kira alaimen.

Mu ɗan yi lissafi. Tsayin tayar ƙaramar mota ya kai kamar santimita 60. A ce bakinta ya karkace da milimita 3 kacal, wato kaurin kwali mai ɗan ƙwari. Tayar tana son tafiya gefe, motar tana jan ta gaba, don haka a kowace kilomita ɗaya ana gurzar ta a kaikaice kimanin mita 5. A tafiyar kilomita 100, an ja ta a kan kwalta rabin kilomita ke nan kamar buhu. Direban haya da ke zirga-zirga kullum ya lissafa na wata guda. Wannan gurzar ce ke cinye roba, kuma injin da ke fama da ita man fetur yake sha.

Saiti na biyu shi ne jinginar taya, inda samanta ke kwantawa ciki ko waje. Dubi takalmin mai gwame, gefe ɗaya yake fara cinyewa, haka ita ma. Saiti na uku shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin taya ba ne. Motar da ƙafarta ta goce ba ta tsayawa sak idan an taka birki da ƙarfi, takan fizga gefe. A hanyar da ake haɗuwa da garken shanu, da babura masu ɗauke da jarkoki, da tireloli, wannan fizgar ta isa ta raba iyali da mai gidansu. Gefen da ya cinye kuma, musamman na ciki wanda ba a gani sai an sunkuya, yakan kai har waya ta fito, tayar ta fashe ana cikin gudu da tsakar rana. Wani lokaci ma dukan ramin yakan tsinka zaren da ke cikin bangon taya, sai ka ga ƙullutu ya fito kamar ƙwai. Wannan ba aikin mai faci ba ne. Tayar ta mutu, a cire ta.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Mota na janye ka gefe a miƙaƙƙiyar hanya, ko sitiyari ya tsaya a karkace alhali kana tafiya sak, ko taya na kuka a kwana. Amma kafin a zargi alaimen, a auna iskar tayoyin, domin wadda iskarta ta yi ƙasa ita ma tana jan mota. Idan kuwa sitiyari rawa yake yi a hannu in an ɗauki gudu, wannan galibi balansin ne ko rim ya lotse, kuma mutane da yawa suna haɗa shi da alaimen wuri ɗaya su biya kuɗin aikin da ba shi ne ciwon ba. Wani kuskuren shi ne yin alaimen a kan gaɓoɓin da suka riga suka saki. Makaniken kirki sai ya ɗaga motar a jak, ya girgiza ƙafar da hannu, ya canza abin da ya lalace, sannan ya saita. In ba haka ba, ramin farko zai warware aikin. Na'urar awo ta kwamfuta sai manyan garuruwa irin su Birnin Kebbi, amma gwanin makanike da zare da tef yana iya daidaita fuskantar tayoyin gaba, kuma hakan ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba.

Shi ramin daga ina? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwalta takan tsage, ruwan damina ya shige ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, nauyi ya bi ta kai, wurin ya burma. Ƙasar da ke bakin Neja ta san ruwa, kuma ba a manta da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa da hanyoyi a Jihar Kebbi ba. Nauyi kuwa sharrinsa ya wuce yadda ake zato. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka lodin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Ke nan mai lafta wa mota buhunan masara fiye da ƙima yana haƙa ramin da gobe zai karya tasa ƙafar. Hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002 domin gyaran hanyoyin tarayya, da ma'aikatar ayyuka ta jiha, su ma da nasu haƙƙin. Tsagar da za a toshe da ɗan kwalta kafin ruwa ya sauka, in an bar ta, ita ce ke zama kududdufi a watan Agusta.

Kafin masu gyara su zo, gudu yana hannun direba. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ninkuwa yake sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. A rage tun daga nesa, a saki birki daf da faɗawa, domin ƙafar da aka danne da birki ta fi jin duka.

Malam direba, gobe da safe kafin a fara lodi, murɗa sitiyari har ƙarshe, ka sunkuya ka shafa tayar gaba daga gefen waje zuwa na ciki. In hannunka ya ji gefe ɗaya ya fi sulɓi, ko zanen ya yi kaifi kamar haƙoran zarto, kada ka sayi sabuwar taya sai an duba ƙafar. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashar Ka'oje da ta Bagudo, ku sa wannan dubawa ta zama sharaɗi kafin mota ta shiga layi.