Iskar arewacin Kano: a fara da awo kafin a kafa fanka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farantan sola suka bazu a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Minjibir: a kan rufin shagon cajin waya, a bakin rijiyar burtsatse, da gonakin rani na kusa da madatsun Tomas da Watari, inda kuɗin man injin ban ruwa ya fara cinye ribar tumatir. Da wannan yaɗuwa wata magana ta taso, cewa tunda rana ta yi mana amfani, iskar hunturu da ke kaɗawa wata da watanni ita ma a kafa mata manyan fankoki. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma ya tsallake matakin da ƙasashen da suka ci moriyar iska ba su taɓa tsallakewa ba, wato awo.

Dubi yadda ake yi a teku. Denmark ta kafa fankokin farko a cikin ruwa a Vindeby a 1991, Faransa kuwa tun 1966 take samun megawat 240 daga cikowa da janyewar teku a La Rance. Waɗannan ba sa'a ba ce. A La Rance ruwan yana hawa da sauka mita da yawa sau biyu a rana, kuma ana iya lissafa lokacinsa shekaru kafin ya zo. A Legas bambancin bai wuce kimanin mita ɗaya ba, shi ya sa ba a rububin gina irin wannan tasha a can. Turawa sun nufi teku ne don iskar can ta fi ƙarfi da ɗorewa, kuma ƙasa ta yi musu ƙaranci. Arewacin Kano yana da matsalarsu ta biyu, ba shi da mafitarsu.

Abin da ya sa awo ya zama dole lissafi ne mai sauƙi. Ƙarfin da ke cikin iska yana ƙaruwa ne da saurinta a ninka shi da kansa har sau uku. Iskar da ke gudun mita 6 a daƙiƙa ta fi mai gudun mita 5 ƙarfi da sama da kashi 70 cikin ɗari. Kuskuren kashi 10 wajen ƙiyasin sauri yana iya zama kuskuren kusan kashi ɗaya bisa uku a wutar da ake tsammani, kuma a nan bashin banki yake karyewa. Alkaluman da hukumar NiMet ke tarawa a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ana ɗaukarsu ne a tsayin mita 10, don amfanin matuƙa jirgi da hasashen yanayi. Fanka kuwa tana aiki can sama da kan kuka da ɗorawa, inda iska ke da wani hali dabam. Masu zuba jari kan nemi a kafa dogon ƙarfen awo a ainihin wurin, ya yi aƙalla shekara guda, ya ga hunturu da bazara da damina. Guguwar da ke yaye kwano gabanin ruwan farko ba arziki ba ce ga fanka, don idan iska ta wuce kima tsayar da ita ake yi.

Wani zai ce ai maƙwabciya Katsina ta riga ta gwada. Gaskiya ne: a Lambar Rimi kamfanin Vergnet na Faransa ya ɗauki aikin kafa fankoki 37 masu jimillar megawat 10. Aikin ya haura shekara goma yana jan ƙafa, kuma sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a watan Disambar 2012 ya tsayar da shi cak na wani lokaci. Ba rashin iska kaɗai ke kashe irin wannan aiki ba. Tsaro, kayan gyara da layin kwashe wuta duk suna cikin lissafi, kuma taswirar iska ba ta nuna ko ɗaya.

Wani kuma zai ce taswirar Global Wind Atlas tana intanet kyauta, me ya rage? Taswira ce ta ƙiyasin kwamfuta, tana nuna inda ya cancanci a je a auna. Ba ta ɗauke wa kowa zuwan.

Hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan iska ita ce ƙasa, kuma ta cancanci a saurare ta. Tashar sola ta megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023 ta cinye hekta 24, alhali gindin fanka ɗan wuri yake ci, ana iya shuka gero da wake a kewaye. A wannan yanki da masani Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari, inda ba a barin gona ta huta sai dai a ciyar da ita da takin dabbobi, wannan babban abu ne. Sai dai fanka ba ta saukowa daga sama. Tana buƙatar hanya mai faɗi da tirela za ta bi da fiffike, da filin da na'urar ɗaga kaya za ta tsaya, kuma hanyar za ta ratsa gonakin gado da aka yi ta rabawa har suka koma 'yan gutsattsari, kowanne da mai shi, da gawo ko ɗorawar da wataƙila ta wani ce dabam. Diyyar wannan ba ta cikin ƙiyasin kowa.

Ita ma solar ba ta tsira daga wannan tambaya ta awo ba. An san rana tana nan, kusan kilowat-awa 6 a kan kowane murabba'in mita a yini, ko da yake ƙurar hunturu tana rage ta sai an riƙa goge faranti. Abin da ke ɓoye shi ne ruwan da famfon sola ke zuƙowa. Mai injin fetur yana kashe shi da wuri don mai na da tsada. Mai sola ba abin da zai hana shi bari ya yi ta zuba daga hantsi zuwa la'asar. Galibin arewacin Kano yana kan dutse ne, ruwan ƙasa a tsage-tsage yake taruwa, kuma burtsatsen maƙwabci yana iya janye rijiyar gida. Hukumar ruwan karkara ta jihar, RUWASA, da hukumar kogin Haɗeja da Jama'are su ne ya kamata su riƙa auna zurfin ruwa a rijiyoyin gwaji duk ƙarshen rani, su buga sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kafin a raba wani sabon rukunin famfuna.