Na'ura Mai Araha Ta Karya Darajar Makami Mai Tsada

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022 ya tilasta wa kamfanonin ƙera makamai sake lissafi. Harsashin igwa samfurin Excalibur, wanda Amurka ta bai wa Yukren, kuɗin kowane ɗaya ya kai kimanin dala 100,000, domin taurarin ɗan Adam na GPS ne ke yi masa jagora zuwa inda aka auna.

Sai dai taurarin suna shawagi ne a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, saboda haka saƙonsu yakan iso da rauni ƙwarai. Na'urar da ke watsa hargowar rediyo a kan zangon nasu takan danne saƙon, harsashi ya saki hanya. A watan Maris na 2024, wani masani na cibiyar Hudson ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa dacewar harsashin ta faɗi daga kashi 70 cikin 100 zuwa kashi 6.

Magani kuwa akwai shi, amma da tsada. Akan sanya wa makami eriya mai toshe kunne ga ɓangaren da hargowar ke fitowa, ko na'urar da ke lissafin tafiyarsa ba tare da tauraro ba, ko kuma mai bin hargowar har tushenta. Kowanne ƙarin kuɗi ne a kan baitulmali.

Hasarar ba ta tsaya ga soja ba. A ƙarshen Afrilun 2024, kamfanin Finnair ya dakatar da jigila zuwa birnin Tartu na Estoniya har tsawon wata guda saboda katsalandan ga GPS.