Abin da Ake Ciyar da Ɗan Kifin Salmon Kafin Ya Ga Teku

Salmon kifin ƙasashen sanyi ne. A rafi yake ƙyanƙyashewa cikin ruwan daɗi, in ya tasa sai ya gangara teku. A Norwe, wadda ta fi kowace ƙasa kiwonsa, wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, su suka fara zuba shi a keji cikin teku a tsibirin Hitra a 1970. Yau ƙasar na fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma waɗannan kifaye ba su taɓa ganin rafi ba. A manyan kwatarniyoyi aka ƙyanƙyashe su, duk abin da ya shiga cikinsu hannun mutum ne ya zuba. Ka riƙe wannan, domin a kansa sauran bayanin ya tsaya.

Ɗan kifin yana fitowa daga ƙwai da 'yar jakar gwaiduwa maƙale a cikinsa. Ita yake tsotsa makonni da dama, yana kwance a ƙasan ruwa. Ranar da jakar ta kusa ƙarewa sai ya fara tasowa sama yana neman abin kamawa. Ka ɗauki wannan lokaci tamkar yaye: in ka gaggauta, yaro bai shirya ba, in ka makara, ya rame. In an zuba abinci da wuri, sai ya nutse ya ruɓe ya ɓata ruwa. In an jinkirta, wasu 'ya'yan ba za su ƙara koyon ci ba har su mutu. Abincin farko kuwa tsaki ne mitsi-mitsi, ƙwayarsa kamar rabin milimita, kuma kusan rabinsa ko fiye furotin ne, ana barbaɗa shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini.

Me ya sa furotin ya yi yawa haka? Salmon maci nama ne. A rafi ƙwari yake ci, a teku ƙananan kifaye da jatan lande, kuma jikinsa bai iya sarrafa sitaci sosai ba. Shi ya sa a da aka dogara ga garin kifi da man kifi. A 1990 kusan kashi 90 cikin 100 na abincin salmon a Norwe daga teku yake fitowa. Zuwa 2020, bisa ƙididdigar cibiyar bincike ta Nofima, ya sauko kusan kashi 22, sauran mafi yawa waken suya ne da alkama da man tsirrai. Dalili a fili yake: kifin da ake niƙawa ba ya ƙaruwa, kiwo kuwa kullum faɗaɗa yake. Amma canjin bai zo a banza ba. Garin waken suya da ba a tace ba yana kumbura ƙarshen hanjin salmon, don haka sai an wanke shi da sinadari an fitar da furotin ɗinsa kafin a zuba.

A nan ne nake so ka natsu, domin lambar furotin da ke jikin buhu ba ta faɗa maka komai da komai. Furotin haɗi ne na ƙananan sinadarai kusan 20, kuma 10 daga cikinsu kifi ba ya iya ƙera su da kansa. A shekarun 1990, saboda fargabar cutar haukan shanu, aka cire garin jini daga abincin salmon a Turai. Lambar furotin ba ta ragu ba. Sai ga kifaye masu yawa idanunsu sun yi fari fat da yana bayan an kai su teku, ba sa ganin abincin da ake zuba musu. Bincike ya nuna garin jinin nan yana cike da wani sinadari mai suna histidin, wanda ƙwayar ido ke buƙata musamman lokacin da kifi ke sauya jiki don shiga ruwan gishiri. Da aka ƙara shi a abinci, yanar ta ragu ƙwarai.

Haka labarin fosfaros yake. Ɗan kifin da ake gaggauta girmansa a ruwa mai ɗumi, in bai sami isasshe ba, ƙashinsa yakan yi laushi. Ba za ka gane ba a lokacin. Sai bayan watanni ka ga baya a karkace, ko muƙamuƙi a lanƙwashe, alhali an riga an kashe kuɗin ciyarwa. Wani aibin ma tun daga uwa yake farawa. A tekun Baltik, cutar da ake kira M74, wadda aka fara lura da ita a Suwidin a 1974, tana kashe 'ya'yan salmon tun suna da gwaiduwa, saboda ƙwan uwayen ba shi da isasshen bitamin B1. Maganinta a wuraren ƙyanƙyasa shi ne a jiƙa ƙwan ko 'ya'yan a ruwan bitamin ɗin.

Ko haɗin ya yi daidai, ajiya na iya lalata shi. Man kifi, wanda ke ɗauke da omega-3 da ƙwaƙwalwa da ido ke buƙata, ba ya jure zafi da iska. Yakan lalace ya yi wari, ya cinye bitamin E da ke ciki. Mai kiwon tarwada a Kano ko Maiduguri ya san wannan matsala, zafinmu ma ya fi na Norwe. Dubawar iri ɗaya ce a ko'ina: ka karanta ranar da aka sarrafa abincin, ka buɗe buhu ka shinshina, ka damƙi ƙwayar ka ga ko tana marmashewa ta bar ƙura a tafin hannu, domin ƙurar nan ba ta shiga cikin kifi, sai dai ta toshe masa matacin numfashi ta ƙazantar da ruwa. Sannan a ɗora buhuna a kan katako, a inuwa, nesa da bango mai danshi, kuma wanda ya fara shigowa shi za a fara buɗewa.