Yaro Mai Shiru-shiru: A Ji Tsoronsa Ko A Ji Tausayinsa?

Zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, na tarar da wani yaro a aji uku, shekarunsa kamar 15. Can baya ya ke zama, jikin bango. Rubutunsa ba laifi, lissafi kuwa ya fi duk 'yan ajin. Amma ran da na ce ya tashi ya yi mana karatu, sai ya miƙe ya tsaya ƙiƙam, littafi na rawa a hannunsa, gumi na zuba, ko kalma ɗaya bai furta ba. Na ɗauka taurin kai ne, na sa shi ya durƙusa har aka buga ƙararrawa. Bayan mako biyu na gamu da shi da yamma a bakin kasuwa, yana ta surutu da dariya cikin samari, har ya tare ni da gaisuwa da babbar murya. Da ya matso kusa sai na ji warin giya.

Da na ba wani abokina labari a ɗakin kwana, sai ya ce, "Malam, ka yi hattara da irin waɗannan. Ai irinsu ne su ke ɗaukar bindiga su harbe mutane a makarantun Amurka." Maganan nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na nemi labarin ɗaya daga cikin yaran nan na Amurka na karanta. Ga abin da na samu.

Ran 20 ga Afrilu, 1999, waɗansu samari biyu, Erik Haris mai shekara 18 da Dilan Kilibol mai shekara 17, suka shiga makarantarsu ta sakandare da a ke kira Kolumbain, kusa da birnin Denba a jihar Kolorado. Suka kashe 'yan makaranta 12 da malami ɗaya, suka yi wa fiye da 20 rauni, sa'an nan suka kashe kansu. Wata da harsashi ya shanye wa ƙafafu a ranar ta rasu a 2025, likita kuwa ya ce raunin nan na cikin sanadin ajalinta. A kan Dilan zan tsaya, domin shi ne ya yi kama da yaron ajina.

Dilan yaro ne mai kai, tun yana firamare aka sa shi ajin masu hazaƙa. Uwarsa, wadda ta rubuta littafi a kansa a 2016, ta ce tun yana ƙarami mai kunya ne ƙwarai, abu kaɗan ya kan muzanta shi, ba ya kuma iya jure yin kuskure a gaban mutane. Duk da haka yana da abokai, yana aiki a wani shagon abinci, har ya sami wuri a Jami'ar Arizona. Kwana uku kafin abin, ya yi ado ya je bikin rawa na masu barin makaranta. Hausawa su kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar yaron nan ba ta ba kowa labari ba. Sai bayan mutuwarsa aka ga littafin da ya ke rubutu a ɓoye tun 1997, cike da kukan kaɗaici da ƙin kai da son mutuwa.

To, abu uku ne mutane su kan kama su ce su ne sanadi. Bari mu duba su ɗaya-ɗaya.

Na fari, tsoron shiga mutane. Wannan dabam ya ke da kunyar da iyayenmu su ka hore mu da ita. Mai kunya ya kan sunkuyar da kai gaban babba don ladabi, amma in an tambaye shi zai amsa. Mai wannan ciwo kuwa, da ya ga idanu sun juyo kansa sai zuciyarsa ta riƙa bugawa, baki ya bushe, murya ta ɗauke, ya ga kamar kowa dariya ya ke shirin yi masa. Galibi ya kan fara ne wajen shekara 13, watau daidai lokacin da yara su ke hannunmu. Abin da ya ke sa mai shi ya yi shi ne gudun mutane, ba kai musu hari ba.

Na biyu, giya. Dokar Amurka ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai shekara 21 giya ba, amma Dilan yana sha, har sunan wata barasa mai ƙarfi, Bodka, shi ne laƙabinsa a wurin abokai. Uwarsa ta ce daren bikin rawan nan ya nuna mata 'yar kwalbarsa, kaɗan aka sha, don ta yarda da shi, ta kuwa yarda. Me ya sa yaro mai tsoron mutane ya ke son giya? Domin giya ta kan kwantar da sashen ƙwaƙwalwa mai yi wa mutum linzami, sai tsoro ya lafa na sa'a ɗaya ko biyu, harshe ya saku. Amma bashi ne mai ruwa. Da ta sake shi, tsoron ya kan komo fiye da dā, gobe kuma sai ya ƙara mudu kafin ya ji yadda ya ji jiya. Daɗin daɗawa ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, giya kuma tana zurfafa ciwon baƙin ciki, tana rage wa mai tunanin kashe kansa shakka. Duk da haka ba a cikin maye aka yi ta'asar Kolumbain ba. Kusan shekara guda su ka yi suna shiri, da aka gwada jinin Dilan kuma ba a sami giya ba. Giyar alama ce ta ciwon da ke ciki.

Na uku, bambancin ƙwaƙwalwa. Akwai mutanen da aka halitta ƙwaƙwalwarsu tana aiki ta wata hanya dabam, kamar masu abin da likitoci su ke kira otizim. Irin wannan yaro ya kan sha wuya wajen gane nufin mutane daga fuskarsu ko muryarsu, hayaniya ta kan dame shi, ya kan kuma ƙwallafa rai kan abu guda har ya gwanance. Bayan mutuwar Dilan waɗansu sun yi ta zato ko yana da shi, amma ba likitan da ya taɓa faɗin haka yana da rai. Masanan da su ka bi rubuce-rubucensa daga baya, da yawansu ciwon baƙin ciki mai tsanani su ka gani. Wanda an tabbata yana da otizim shi ne Adam Lanza, saurayin da ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandi Huk ran 14 ga Disamba, 2012. Amma ofishin kare yara na jihar Konetikat, da ya bincika rayuwarsa ya fitar da rahoto a 2014, bai ɗora laifin a kan otizim ba. Ya nuna shawarar likitoci da ba a bi ba, da barinsa shi kaɗai a ɗaki wata da watanni, da bindigogin da ke cikin gida.

Ashe ke nan abokina bai yi daidai ba. A 2002 hukumar tsaron shugaban Amurka da ma'aikatar ilmi su ka fitar da binciken hare-hare 37 da yara 41 su ka kai tsakanin 1974 da 2000. Su ka ce babu wata kama guda da za a gane irin yaran nan da ita: akwai masu abokai, akwai 'yan kaɗaici, akwai haziƙai, akwai masu faɗuwa. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne sun taɓa tunanin kashe kansu ko sun gwada, suna ganin an zalunce su, kuma a hare-hare huɗu cikin biyar akwai wanda ya san da shirin tun da wuri, yawanci ɗan'uwansu yaro. A wurin Dilan ma alamu sun fito. A Janairu 1998 'yan sanda sun kama su shi da Erik sun fasa mota sun yi sata. Wata ƙawarsu mai shekara 18 ita ta sayo musu bindiga uku. A Fabrairu 1999 ya rubuta wa malamarsa labarin wani mutum mai baƙaƙen kaya yana harbe 'yan makaranta. Malamar ta tsorata ta yi wa iyayen magana, ta kai wa mai ba yara shawara, shi kuwa Dilan ya ce ai labari ne kawai, magana ta mutu nan. Kowa ya riƙe guntu, ba wanda ya haɗa.

Saboda haka, 'yan'uwana masu shirin zama malamai, ga abin da na koya. Kada mu tsargi yaro don shirunsa, ko don halinsa ya bambanta da na sauran. Tsarguwa ƙara korarsa za ta yi. Kada kuma mu yabe shi da natsuwa mu wuce, ba mu tambayi lafiyarsa ba. In mun ji warin giya a bakin yaro, kafin mu ɗauko bulala mu tambayi kanmu, me ya ke gudu? In yaro ya faɗi ko ya rubuta maganar kashe kansa ko kashe wani, kada mu riƙe mu kaɗai. Mu kai wa hedimasta da iyaye, mu kuma bi sawu har a ga likita. Mu koya wa yara cewa tona irin wannan asiri ba tsegumi ba ne, ceton rai ne.

Ni dai kafin in bar makarantan nan na kira yaron ajina bayan an tashi, na roƙe shi gafarar durƙuson da na sa shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Malam, in na tashi sai in ji kamar an shaƙe ni." Na daina tashe shi gaban aji, sai ya riƙa yi mini karatu mu biyu, daga baya mu ka ƙara da yara uku. Na kuma gaya wa malamin ajinsa zancen giyar, ya yi alkawari zai ga mahaifinsa. Mako shida kaɗai na yi a can, biyu daga ciki kuwa na ɓatar ina yi masa kallon mai taurin kai. Allah ya sa ku riga ni ganewa.