Tsarin Ajiye Bayanai a Kwamfuta da Hikimar Suturta Shi

Duk wanda ya ga yadda wayar hannu ke zaƙulo suna guda daga cikin dubbai kafin ƙiftawar ido, ko yadda banki ke gano asusun mutum ɗaya a tsakanin miliyoyi, yakan jingina wannan abin al'ajabi ga saurin na'ura kawai. Alhali kuwa a wurin ma'abota wannan fanni sauri rabin magana ne, domin na'urar da ta fi kowace hanzari, in aka jibge mata bayanai barkatai, ba ta da wata dabara illa ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ci karo da abin da ake nema. Sauran rabin yana ga yadda aka shirya bayanan tun farko, kuma shi ne ilmin da ɗalibin rubuta manhaja ke shiga da zarar ya ƙetare bambaɗiyar sana'ar. Niklaus Wirth, malamin ƙasar Suwizalan wanda ya ƙago harshen Pascal, ya wallafa littafi a 1976 wanda ya gina shi kacokan a kan cewa manhaja rukunai biyu gare ta, matakan aiki da tsarin bayanai, kuma ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗayan.

Wajibi ne a fara da sanin haƙiƙanin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ba kome ba ce face dogon sahu na gurabe ƙanana, kowane gurbi da lambarsa da ake kira adireshi, kowanne kuma yana ɗaukar adadi guda daga 0 zuwa 255. Ba ta san ɗalibi ba, ba ta san asusu ba, ba ta san hoto ba. Duk waɗannan ma'anoni ɗan Adam ne ya ɗora su a kan lambobi, bisa wata ƙa'ida da ya gindaya wa kansa.

Mafi sauƙin ƙa'idojin shi ne jeri, wato a ajiye abubuwa masu girma ɗaya kafaɗa da kafaɗa, babu giɓi a tsakaninsu. Falalarsa ta hisabi ce tsantsa. A ƙaddara jeri ya fara daga adireshi na 1000, kowane abu a cikinsa yana cin gurbi 8. To, mai neman abu na 50 ba ya bukatar ya duba 49 da suka gabace shi, sai dai ya ninka 49 sau 8, ya ƙara a kan 1000, ya dira kai tsaye a 1392. Idan kuma sunayen da ke ciki an jera su bisa tartibin haruffa, sai wata falala ta biyo baya: a buɗe tsakiya, a ga ko abin nema yana gaba ko yana baya, a watsar da rabin da ba ya ciki, a sake raba ragowar biyu, har ya zama suna miliyan ɗaya ba ya bukatar leƙawa fiye da sau 20. Amma jeri yana da aibinsa, domin ranar da sabon suna ya zo wanda muhallinsa yake tsakiya, tilas a gusar da duk waɗanda ke bayansa, wajen rabin miliyan, kowanne ya matsa wa maƙwabcinsa.

Maganin wannan aibi shi ne tsarin da za mu kira sarƙa, kuma wanda ya taɓa riƙe tsohon littafi na rubutun hannu daga gafakar malaman ƙasarmu ya riga ya san ruhinsa. Waɗannan littattafai warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, sau da yawa ba lambar shafi. Abin da ke tsare tartibinsu shi ne kalmar da makwafi ke rubutawa a ƙasan warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, ta yadda ko iska ta watsa su, almajiri mai haƙuri zai mayar da kowace mazauninta. Haka sarƙa take a kwamfuta: kowane abu yana zaune duk inda aka sama masa wuri, sai dai yana ɗauke da adireshin mai bi masa, na ƙarshe kuma yana ɗauke da alamar cewa an kai tuƙewa. Cusa sabon abu a tsakiya bai wuce gyara adireshi biyu ba, babu wanda zai gusa. Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon ne suka fito da wannan dabara a Amurka wajen 1955 zuwa 1956, sannan John McCarthy ya mayar da ita ginshiƙin harshen Lisp a 1958. Sai dai abin da aka samu ta nan an rasa shi ta can, gama mai neman abu na 50 a sarƙa ba shi da hisabin da zai kai shi, dole ya kama daga na fari ya bi sawu.

A ganina wannan ne darasin da ya fi cancanta ɗalibi ya riƙe, cewa babu tsarin da ya tara dukkan falala, kuma tambayar da ta dace kullum ita ce wane aiki za a fi yawan yi da bayanan: nema ne, ko ƙari, ko cirewa. Daga ƙoƙarin sulhunta waɗannan bukatu aka sami tsarin bishiya, inda kowane abu ke nuni ga rassa biyu ko fiye, kamar yadda jakunkunan fayil ke shiga cikin juna. Aka kuma sami dabarar da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya zo da ita a 1953, ta juya suna ya zama adadi, adadin kuma ya faɗi gurbin da za a duba.

Yanzu sai ɓangare na biyu na maganarmu, wanda ya fi na farko zurfi, shi ne tajridi, wato ware abin da tsari ke yi daga yadda yake yin sa. Misalinsa mafi bayyana shi ne tari, tsarin da ayyuka biyu ne jigonsa: a ɗora abu a sama, ko a ɗauke na sama, wanda ya shiga ƙarshe shi ne farkon fita. Da shi manhajar rubutu ke warware abin da ka yi na baya-bayan nan in ka nemi komawa, da shi kuma kwamfuta ke tuna inda ta tsaya sa'ad da wani aiki ya kira wani. Friedrich Bauer da Klaus Samelson na birnin Munik a Jamus sun bayyana shi a tsakiyar shekarun 1950. Abin lura shi ne, ana iya gina tari a kan jeri, ana iya gina shi a kan sarƙa, mai amfani da shi kuwa babu ruwansa, muddin alkawarin yana nan: abin da ya ɗora a ƙarshe shi za a miƙo masa. An sa hijabi tsakanin zahiri da baɗini, an bar ƙofa biyu ko uku kaɗai ta shiga.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin ɓoye wa mutum abin da yake aiki da shi? Amsa ita ce hankalin ɗan Adam yana da iyaka, manhajojin zamani kuwa sukan kai miliyoyin layuka, ɗaruruwan mutane ke rubuta su, wasu ba su taɓa haɗuwa ba. David Parnas ya kafa hujja a 1972 cewa kamata ya yi a raba manhaja gida-gida, kowane gida ya riƙe sirrin shawarar da ake tsammanin za ta sauya wata rana. Bayan shekara biyu Barbara Liskov da Stephen Zilles suka shimfiɗa wannan ra'ayi a kan bayanai musamman, Liskov da ɗalibanta kuma suka gina harshen CLU wanda ke hana kowa tsallake hijabin, aikin da yana cikin dalilan ba ta lambar girma ta Turing ta shekarar 2008.

Duniya ta ɗanɗana kuɗar rashin wannan hijabi a ƙarshen ƙarnin da ya shige. A zamanin da gurbin ajiya ke da tsada, katin bayanai kuma bai wuce harafi 80 ba, masu rubuta manhaja sun saba ajiye shekara da lamba biyu, 75 a madadin 1975. Kuma maimakon wannan shawara ta zauna a gida guda da za a gyara a yini ɗaya, sai ta bazu cikin kowane lissafin riba da fansho da albashi. Da shekarar 2000 ta gabato, aka ji tsoron na'urori za su ɗauki 00 a matsayin 1900, gwamnatoci da bankuna suka kashe biliyoyin daloli ana bin tsofaffin manhajoji layi-layi.

Duk da haka bai halatta ɗalibi ya fake da tajridi ya ƙi sanin baɗini ba, domin hijabi yana ɓoye yadda ake aiki, amma ba ya ɓoye lokacin da aikin ke ci. Wanda ke koyon harshen Python a yau yakan sami jerin abubuwa a shirye, ya ƙara, ya cire, bai san cewa a ƙarƙashinsa jeri ne na kafaɗa da kafaɗa ba. Ranar da ya mayar da shi layin jira, yana ta cire na gaba, kowace cirewa tana gusar da duk na baya, sai ya tarar manhajar da ta yi gudu da abu ɗari ta durƙushe da miliyan. Harshen ya tanadi wani tsari dabam mai baki biyu domin wannan bukata, kuma sauya shi bai wuce layi biyu ko uku ba ga wanda ya taɓa gina jeri da sarƙa da hannunsa, ya san dalilin jinkirin.